Agustin na Hippo: Malamin Afirka da ya kai ƙololuwar ɗaukaka amma ya rasu bai bar wasiyya ba

A watan Agustan shekarar 430, wani dattijo mai shekara 75 yana kwance da zazzaɓi a birnin Hippo, wanda a yau ake kira Annaba, a gaɓar tekun ƙasar Aljeriya. Wata na uku ke nan mayaƙan ƙabilar Bandal sun yi wa birnin ƙawanya, ba shiga ba fita. Gari ya cika da 'yan gudun hijira daga garuruwan da aka riga aka ƙona.

Dattijon ya sa aka rubuta masa wasu surori na Zabura waɗanda suke magana a kan tuba, aka manna takardun a bangon da ke fuskantar gadonsa. Yana kwance yana karantawa yana hawaye. Kwana goma kafin ajalinsa ya roƙi kada kowa ya shigo wurinsa sai lokacin da likita ya zo, ko in an kawo abinci. Sauran lokacin duka ya ba da shi ga addu'a.

Ya cika a ranar 28 ga watan Agusta. Abokinsa Posidiyus, wanda ya san shi kusan shekara 40 kuma yana cikin birnin a lokacin, ya rubuta cewa mamacin bai yi wasiyya ba, saboda ba shi da wani abu nasa na kansa da zai bar wa wani.

Wannan dattijo shi ne Agustin, bishop ɗin Hippo, ɗaya daga cikin malaman da suka fi tasiri a tarihin addinin Kirista. A ƙuruciyarsa da wuya a sami wanda ya fi shi son suna da matsayi. Yadda ya taso daga can ya ƙare a wannan ɗaki shi ne labarin rayuwarsa.

Yaron da aka ɗora wa burin gida

An haifi Agustin a ranar 13 ga Nuwamban 354 a garin Tagaste, wanda yanzu ake kira Suk Ahras a gabashin Aljeriya. A wancan zamani Arewacin Afirka yana ƙarƙashin daular Rumawa.

Mahaifinsa Patrisiyus ɗan majalisar gari ne mai 'yar gona, yana da daraja amma aljihunsa bai taka kara ya karya ba. Bai karɓi addinin Kirista ba sai dab da mutuwarsa. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai riƙo da ibada.

Iyayen sun lura yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, sai suka ɗora burin gidan a kansa. A daular Rumawa, ɗan talaka da ya ƙware a balaga, wato iya tsara magana a gaban alƙali ko a gaban sarki, yana iya zama lauya, har ma gwamna. Aka tura shi karatu garin Madaura. Da ya kai shekara 16 kuɗi suka yanke, ya dawo gida ya yi shekara guda yana zaman kashe wando.

A wannan shekara ne shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare suka kakkaɓe masa 'ya'yan itace. Ba yunwa suke ji ba, kuma a gidansu Agustin akwai waɗanda suka fi waɗannan daɗi. Yawancin abin da suka sato aladu suka watsa wa. Bayan shekaru masu yawa ya dawo kan wannan ƙaramar sata a rubuce-rubucensa, yana tambayar kansa abin da ya sa mutum yake ɗaukar abin da ba ya buƙata. Amsar da ya samu ita ce, zuciya na iya ƙawa ko da ciki a ƙoshe yake.

Shekarun Kartaj

Wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus ya taimaka da kuɗi, Agustin ya wuce Kartaj, babban birnin yankin, kusa da Tunis ta yau. Yana ɗan shekara 17 a lokacin.

A can ya fara zama da wata mace ba tare da ɗaurin aure ba, abin da al'adar Rumawa ta saba gani ga samarin da suke jiran su yi arziki kafin su auri 'yar babban gida. Sun zauna tare kusan shekara 15, ta haifa masa ɗa namiji, Adeyodatus, sunan da ke nufin kyautar Allah.

A Kartaj ɗin ne kuma ya karanta wani littafi na Sisero, shahararren mai balagar Rumawa, wanda ke kira ga neman hikima fiye da neman dukiya. Littafin ya girgiza shi. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki don ya nemi hikimar a ciki, amma ya raina fassarar Latin ta wancan lokaci, yana ganin harshenta bai kai na manyan marubuta ba.

Sai ya koma wajen mabiya Mani, wani mai wa'azi da ya bayyana a daular Farisa a ƙarni na uku. Su suna koyar da cewa haske da duhu ƙarfi biyu ne masu yaƙi da juna, kuma sharrin da mutum ke aikatawa daga duhun da ke cikinsa yake fitowa. Wannan koyarwa ta yi wa saurayin daɗi, domin ta ɗauke masa nauyin laifinsa. Ya yi shekara tara tare da su, Monika kuwa tana ta kuka da addu'a.

Da ya koma Tagaste koyarwa na ɗan lokaci, wani amininsa ya kamu da zazzaɓi ya mutu. Baƙin ciki ya hana shi zaman garin, duk inda ya duba sai ya tuna da abokin. Daga baya ya gane cewa ya ƙaunaci mutum mai mutuwa kamar wanda ba zai taɓa mutuwa ba. Wannan ne karo na farko da ya ɗanɗana yadda abin da mutum ya jingina da shi yake iya zamewa dare ɗaya.

Daga Rum zuwa fadar sarki

A shekarar 383 ya yanke shawarar tsallaka teku zuwa Rum, saboda ɗaliban Kartaj sun ishe shi da rashin ɗa'a. Monika ta bi shi har bakin teku tana roƙon ya fasa ko ya tafi da ita. Ya yi mata ƙarya cewa wani aboki yake rakawa, ya bar ta ta kwana a wani ɗakin ibada kusa da tashar jirage, cikin dare jirginsa ya tashi.

A Rum ya tarar da wata matsalar. Ɗaliban can suna da natsuwa, amma idan lokacin biyan kuɗin makaranta ya yi sai su gudu wajen wani malamin.

Shekara guda bayan haka sa'arsa ta zo. Simakus, shugaban birnin Rum, ya zaɓe shi ya zama babban malamin balaga a Milan, inda fadar sarkin daular Rumawa ta yamma take a lokacin. Yana da shekara 30. Ɗan ƙaramin gari daga Afirka ya zama mai tsara jawabin yabon sarki.

Monika ta biyo shi Milan, aka shiga nema masa auren da ya dace da sabon matsayinsa. Aka sami 'yar gidan masu hali, amma sai an jira shekara biyu kafin ta isa aure. Sharaɗin shi ne ya rabu da uwar ɗansa. Matar ta koma Afirka, ta bar masa yaron, ta yi alkawarin ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Agustin ya rubuta cewa rabuwar ta bar masa rauni mai zubar da jini, amma duk da haka bai iya jiran shekara biyun ba, ya ɗauko wata matar.

Lissafinsa a bayyane yake: auren mai kuɗi, abokai a fada, sannan kujerar gwamnan wani lardi.

Mabaracin da ya fi shi walwala

Wata rana yana tafe a titin Milan da abokansa, kansa ya ɗau zafi saboda jawabin yabon sarki da zai gabatar. Ya san jawabin cike yake da ƙarya, ya kuma san masu tafa masa sun san ƙarya ce. Sai suka wuce wani mabaraci da ya sha ya yi tatil, yana ta dariya da barkwanci.

Agustin ya tsaya ya yi ajiyar zuciya. Ya nuna wa abokansa cewa duk wahalar da suke sha, ta karatu da fadanci da bin ƙofofin manya, don su sami kwanciyar rai ne, ga shi wannan mutum ya sami irin tasa da 'yan kuɗin da ya roƙa. Ya san murnar mabaracin ba ta gaskiya ba ce, da safe za ta watse. Amma ya ga tasa murnar da yake nema ta hanyar suna ta fi ta mabaracin zama ƙarya, kuma shi ko barcin kirki ba ya samu.

A wannan lokaci ya riga ya fara zuwa sauraron Ambros, bishop ɗin Milan, wanda tsohon gwamna ne da ya bar mulki ya raba dukiyarsa. Da farko salon maganarsa kawai yake zuwa aunawa, irin na gwani da gwani. Sannu a hankali ma'anar ta fara shigarsa. Hujjojin da yake kafawa a kan addinin mahaifiyarsa suka rushe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne sabo: son mata da son girma. Ya amsa da bakinsa cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi kamun kai, amma a ransa yana fatan kada a yi saurin amsa addu'ar.

Abin da ya faru a lambu

A shekarar 386 wani jami'in fada ɗan Afirka mai suna Pontisiyanus ya kawo masa ziyara. Ya ga wasiƙun Manzo Bulus a kan tebur, sai hira ta juya. Ya ba su labarin Antoni na Masar, wanda ya ji an karanta a coci inda Yesu ya umarci wani saurayi mai dukiya ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, sai ya ɗauki maganar kamar da shi ake, ya rabar da gonakin gadonsa ya shiga hamada. Ya ƙara da labarin wasu jami'an sarki biyu a birnin Tiriya da suka karanta tarihin Antoni, nan take suka ajiye aikinsu.

Da baƙon ya tafi, kunya ta rufe Agustin. Mutanen da ba su kai shi karatu ba sun yanke shawara a rana ɗaya, shi kuwa ya fi shekara goma yana jan ƙafa. Ya fita lambun gidan, abokinsa Alipiyus na biye da shi. Ya faɗi ƙarƙashin wani itacen ɓaure yana kuka.

Daga wani gida na kusa ya ji muryar yaro yana rera wata 'yar waƙa mai umartar a ɗauka a karanta. Ya ɗauki hakan a matsayin umarni daga Allah. Ya koma inda ya bar littafin, ya buɗe, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wurin da ake gargaɗi a kan shaye-shaye da fasikanci da husuma, ake kuma kiran mai bi ya yafa Almasihu kamar tufa. Bai ƙara karanta komai ba. Ya ce daga nan shakkarsa ta yaye.

Ya fasa auren. Da hutun girbin inabi ya zo, ya ajiye aikinsa, yana mai kafa hujja da ciwon ƙirji da yake fama da shi. Ya koma wani gidan gona a Kasisiyakum tare da mahaifiyarsa da ɗansa da 'yan abokai, suna karatu da muhawara. A daren Ista na watan Afrilun 387, Ambros ya yi masa baftisma tare da Adeyodatus da Alipiyus.

Darasin ƙarshe daga Monika

A kan hanyarsu ta komawa Afirka suka yada zango a Ostiya, tashar jiragen ruwan Rum. A nan Monika ta kwanta rashin lafiya.

Shekara da shekaru tana da buri ɗaya na duniya: a binne ta kusa da mijinta a Tagaste, har ta tanadi wurin. Amma da ajali ya matso, ɗanta Nabigiyus yana damuwa kada ta mutu a baƙuwar ƙasa, sai ta nuna musu cewa wannan ya daina damunta. Su binne ta duk inda ya sawwaƙa, domin babu wurin da ya yi wa Allah nisa. Abin da ta roƙa kawai shi ne su riƙa tunawa da ita a wurin ibada. Ta rasu tana da shekara 56.

Agustin ya ga yadda mahaifiyarsa ta saki abu na ƙarshe da take riƙe da shi kafin ta tafi. Shekara 43 bayan haka, shi ma haka ya yi.

Bishop na dole

Ya isa Tagaste a 388, ya rabu da gadon da mahaifinsa ya bar masa, aka ba matalauta. Ya zauna da abokansa suna azumi da addu'a da rubutu. Ba a daɗe ba Adeyodatus ya rasu yana saurayi, bai kai shekara 20 ba.

Sunan Agustin ya riga ya bazu, don haka yakan kauce wa duk garin da ya ji ba su da bishop, don kada a kama shi a naɗa. A 391 ya je Hippo, inda yake ganin babu wannan haɗari tunda suna da nasu, wani dattijo mai suna Baleriyus. Yana tsaye cikin jama'a a coci sai Baleriyus ya yi maganar yana buƙatar mataimaki. Mutane suka cafke Agustin suka tura shi gaba, aka naɗa shi firist yana kuka. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop, ya riƙe kujerar kusan shekara 35.

A nan ne aka gwada abin da yake faɗa. Cocin Hippo tana da gonaki da gidaje da suka ninka abin da mahaifinsa ya taɓa mallaka sau da yawa. Mutumin da ya gudu daga dukiya sai ga shi an ɗora masa amanar dukiya.

Posidiyus ya bayyana yadda ya yi da ita. Bai riƙe mabuɗi ko zoben hatimi a hannunsa ba, ya danƙa lissafi ga wasu daga cikin ma'aikatan cocin, a ƙarshen shekara a karanta masa. Abincin gidansa yawanci ganye ne da hatsi, nama sai don baƙi ko marasa lafiya. Cokulan azurfa ne, amma kwanukan na ƙasa ne da katako da dutse. Tufafinsa ba na ƙawa ba ne, ba kuma tsumma ba. Idan aka ba shi riga mai tsada wadda sauran 'yan'uwa ba za su iya sa irinta ba, sai ya sayar a raba kuɗin. Da kuɗin taimako suka ƙare, ya sa aka narkar da wasu kayayyakin ibada masu daraja don a fanshi waɗanda aka kama.

Ya ƙi karɓar gadon da wani ya bar wa coci don ya hana 'ya'yansa. Ya ƙi karɓar gadon wani mai jiragen ruwa, don kada coci ta koma kamfanin sufuri. Shawarar da yake ba masu hali ita ce, idan za su raba gado su lissafa Almasihu a matsayin ƙarin ɗa guda, rabonsa ya tafi ga matalauta, 'ya'ya kuma su sami nasu.

Abin da ya koyar game da mallaka

Agustin bai ce dukiya ƙazanta ce ba. Ya riga ya bar mabiya Mani masu ganin abin duniya sharri ne. A wurinsa duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, matsalar tana wajen jeranta ƙauna: a ba ƙaramin abu matsayin babba.

Yana da misalai da talakawan Hippo, masunta da manoma da 'yan dako, suke ganewa. Ɗaya shi ne na amaryar da ango ya ba ta zobe, sai ta so zoben har ta ce ba ta buƙatar ganin angon. Wani shi ne na matafiyin da ya kama hanyar gida, daɗin tafiyar da abin hawan suka ɗauke masa hankali har ya manta inda za shi. Akwai kuma na tulun da ake so a cika da zuma alhali cike yake da ruwan tsami: dole a zubar, a wanke, kafin a zuba zumar.

Wannan misali na ƙarshe shi ne abin da yake nufi da shiri. A ganinsa Allah a shirye yake ya ba da kansa, mutum ne hannuwansa suke cike. Jinkirin amsa addu'a ma, in ji shi, yana faɗaɗa zuciya kamar yadda ake buɗe bakin buhu idan abin da za a zuba yana da yawa. Tun a shafin farko na littafin da ya rubuta wajen shekarar 397, inda ya tona asirin rayuwarsa a gaban Allah, ya kafa wannan magana: an yi ɗan Adam domin Allah, don haka babu abin da ya gaza Allah da zai kwantar masa da rai.

A watan Agustan 410 mayaƙan Got ƙarƙashin Alarik suka shiga Rum suka washe ta. Manyan attajirai suka tsere zuwa Afirka. Cikinsu akwai Proba, gwauruwa daga ɗaya daga cikin gidajen da suka fi arziki a daular, wadda ta tambaye shi yadda ake addu'a. Ya amsa mata da doguwar wasiƙa, yana cewa komai yawan abin da take da shi, ta ɗauki kanta a matsayin marar mataimaki a duniya, domin daga nan addu'ar gaske take farawa. Faɗuwar Rum ce kuma ta sa ya rubuta babban littafinsa, Birnin Allah, mai kashi 22, wanda ya ɗauke shi daga 413 zuwa 426.

Da wani bishop mai suna Hesikiyus ya rubuto yana ganin alamun tashin duniya sun bayyana, Agustin ya ƙi shiga lissafin rana. Ya ce bawan kirki shi ne wanda ya yarda bai san lokacin dawowar maigidansa ba, amma yana zaune a shirye. Ya ƙara da cewa halin da ranar mutuwar mutum ta same shi, a cikinsa ranar ƙarshe za ta same shi.

Abin kunya a cikin gidansa

Dokar gidan bishop ita ce duk ma'aikacin cocin da zai zauna tare da shi sai ya rabu da mallakar kansa. Wajen shekarar 425 wani firist mai suna Janwariyus ya mutu, sai ga wasiyya ta fito. Ashe ya ɓoye dukiya, yana cewa ta 'yarsa ce.

Maganar ta zama abin tsegumi a gari. Agustin, yana da shekara 71, bai rufe ta ba. Ya tsaya a gaban jama'a a coci ya faɗi abin da ya faru, ya ce coci ba za ta taɓa gadon ba. Ya ba duk mazauna gidan wa'adi su bayyana abin da suka mallaka. Bayan 'yan makonni ya dawo ya yi wa jama'a bayanin kowane ɗaya da sunansa, wane yana da gona, wane ya 'yanta bayinsa, wane ya sayar ya raba. Waɗannan wa'azozi biyu suna nan har yau.

Akwai kuma inda masana tarihi suke sukarsa. A rikicin da ya raba Kiristocin Arewacin Afirka gida biyu, tsakanin cocinsa da ɓangaren Donatus, da farko ya ce lallashi kawai ya dace, amma daga baya ya goyi bayan hukuma ta tilasta musu da tara da ƙwace majami'u, ko da yake ya riƙa roƙon kada a kashe kowa. An yi amfani da hujjojinsa a ƙarnukan baya wajen takura wa masu saɓanin aƙida. Ana kuma tuna yadda ya sallami uwar ɗansa saboda neman matsayi, matar da ko sunanta bai ambata ba a littattafansa.

Shirin tafiya

Shekarunsa na ƙarshe sun tafi a kan kintsawa. A watan Satumban 426 ya tara jama'a ya gabatar da firist Irakliyus a matsayin wanda zai gaje shi, don kada a yi rigima bayansa, ya miƙa masa yawancin ayyukan yau da kullum. Sannan ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda ya yi kuskure da inda ya canza ra'ayi.

A 429 Bandal ƙarƙashin sarkinsu Gaisarik suka tsallako daga Sifaniya. Da wasu shugabannin coci suka tambaye shi ko su gudu, ya ce muddin akwai sauran jama'a a gari, makiyayi ba ya barin garke. Shi ma bai bar Hippo ba. Ya shaida wa waɗanda suke cin abinci tare da shi cewa roƙonsa ga Allah shi ne ya kuɓutar da birnin, ko ya ba bayinsa ƙarfin jurewa, ko kuma ya ɗauke shi. Ya ci gaba da wa'azi har ciwo ya kwantar da shi.

Ya sha faɗa wa abokansa cewa ko Kiristan da kowa ke yabo, ko firist ne, bai kamata ya bar duniya ba tare da tuba ta gaske ba. Abin da ya yi ke nan a kwana goman da ya rufe ƙofa.

Ƙawanyar ta kai wata 14. Daga baya Bandal suka mallaki birnin, amma ɗakin karatun cocin, abu ɗaya da ya yi ta jaddada a kula da shi saboda masu zuwa, ya tsira. An kai ƙasusuwansa tsibirin Sardiniya, daga can kuma zuwa birnin Pabiya na Italiya a ƙarni na takwas, inda suke har yanzu. A kan tudun da ke kallon kufan Hippo a Annaba akwai babbar majami'a mai sunansa.

Ƙa'idar zaman tare da ake dangantawa da shi ita ce ƙungiyar limaman Katolika ta Agustiniyawa take bi. 'Yan wannan ƙungiya daga ƙasar Ayilan sun yi aikin mishan a yankunan Adamawa da Borno, kuma babbar makarantar horar da limaman Katolika da ke Jos tana ɗauke da sunansa. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayun 2025, ɗan ƙungiyar ne, ya kuma taɓa shugabantarta. Cocin Katolika da wasu ɗariƙun Kirista suna tunawa da Agustin kowace ranar 28 ga Agusta, kwana ɗaya bayan ranar tunawa da mahaifiyarsa Monika.